Wanda bai kwana a makarantar ba zai ba da labarinta?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Na gama karanta Indian Horse, ƙagaggen labarin da Richard Wagamese ya rubuta, kuma zan faɗi abin da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Richard Wagamese bai taɓa zama ɗalibi a makarantun kwanan da gwamnatin Kanada da coci-coci suka tara 'ya'yan 'yan asalin ƙasar ba. St. Jerome's ɗin da ya kai Saul, yaron da labarin ke kansa, ɗan al'ummar Ojibwe ta 'yan asalin ƙasar, ma shi ya ƙirƙire ta. Don haka ban yarda a miƙa wa ɗalibi wannan littafin a ce ga tarihin Ojibwe ba. Mai son tarihi ya nemi rahoton Hukumar Gaskiya da Sasantawa na 2015, wadda ta saurari mutum sama da 6,000. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ai shi ma mai waƙar ne. Iyayensa sun yi makarantun, kuma abin da suka fito da shi daga can ne ya watsa gidan. Yana ƙaramin yaro hukuma ta ɗauke shi, ya tashi a hannun Turawa, sai da ya haura shekara ashirin ya sake haɗuwa da danginsa. Wannan za ka ce bai san abin da makarantar ta yi ba?

Malam Habu: Hajiya, ban ce bai sha wuya ba. Cewa na yi ƙagaggen labari ba shaida ba ne.

Ɗanjuma: Ina bayan Malam, amma dalilina daban. Wasan hoki na kan ƙanƙara ya cinye rabin littafin. Ɗalibi zai rufe shi yana tuna yadda Saul ya yi fice har ya kai Toronto, sai kuma Fada Leboutilier, limamin coci a makarantar, mugun mutum guda ɗaya. Alhali tsari ne na gwamnati. A 1920 aka gyara doka aka sa zuwa makaranta dole, yara wajen 150,000 suka bi ta ciki, kuma a 1996 ma akwai wadda ke buɗe. Wanne daga cikin waɗannan littafin ya faɗa?

Maman Ilham: Kuma kar ku manta da gawar yara 215 da aka tono a makarantar kwanan Kamloops.

Malam Habu: Kin ga irin abin da nake tsoro ke nan, Maman Ilham. A 2021 na'urar da ke hango ƙarƙashin ƙasa ce ta nuna wuraren da ake zaton kaburbura ne, ba tonowa aka yi ba. Kamloops kuma can yamma take, ƙasar wata al'umma daban, ba ta Ojibwe ba. In tausayi ya riga bincike, haka ake cuɗa komai, daga baya masu musun abin su samu abin kamawa.

Hajiya Rabi: Wannan gyaran na karɓa. Amma Ɗanjuma, ƙanina, anya ka kai ƙarshen littafin? Dubi yadda aka gina shi. Yaro yana tashi kafin gari ya waye ya share filin ƙanƙara shi kaɗai, ba shi da ƙwallo, sai ya ɗebo daskararren kashin doki yana koyon bugu da shi. Mai karatu yana murna, yana cewa ga fada ɗaya mai tausayi da ya ba yaron nan mafita. Sai can, bayan giya ta kusa kashe Saul, ya koma kangon makarantar ya tuna abin da wannan fadan yake yi masa da dare. Hokin da muke tafa wa, nan yaron yake gudu ya ɓuya. An yaudare mu kamar yadda aka yaudare shi, kuma da gangan marubucin ya yi hakan. Ka nuna min shafin rahoton da zai sa mai karatu ya yarda da mutum, sannan ya ji kunyar yardar da ya yi.

Ɗanjuma: Na kai ƙarshe, Hajiya. Har yanzu dai fuska ɗaya aka ba mu.

Hajiya Rabi: Fuska ɗaya? An ƙwace Rachel, 'yar'uwar Saul. Yayansa Benjamin ya gudo daga makaranta ya dawo yana tari da jini, ya mutu a daji. Kaka Naomi ta mutu da sanyi tana rungume da Saul. Tarin Benjamin ɗin nan shi ne tarin fukan da likitan gwamnati, Peter Bryce, ya kai rahoto a kansa tun 1907, aka yi watsi da shawarwarinsa.

Maman Ilham: Ni wurin hana yaren ne ya taɓa ni. Mu ma a firamare ana cin mu tara in mun yi Hausa a aji.

Hajiya Rabi: An ci mu, ƙawata, amma da azahar mun koma gida uwa ta yi mana faɗa da Hausa. Su babu gidan komawa wata da watanni, wasu shekaru. Kar mu haɗa.

Malam Habu: To tunda akwai na gaskiya, me ya sa ba za a fara da shi ba? Chanie Wenjack, yaro ne Ba'ojibwe ɗan shekara 12. A 1966 ya gudu daga makarantar Cecilia Jeffrey da ke Kenora, ya bi layin dogo zai je gida, tafiyar kusan kilomita 600, aka tsinci gawarsa a gefen layin. Ga suna, ga shekara, ga binciken hukuma.

Hajiya Rabi: A fara da shi, ban ƙi ba. Sai dai Chanie bai rayu ya gaya mana abin da ke zuciyarsa ba, kuma takardar bincike ba ta bin wanda ya tsira zuwa shekara talatin ta ga yadda ya kasa zama da mutane.

Malam Habu: Waɗanda suka tsira sun faɗa da bakinsu a gaban marigayi Murray Sinclair, shugaban hukumar, shi ma Ba'ojibwe ne. Shaidarsu tana nan a buga.

Ɗanjuma: To a yi haka mana. Mako mai zuwa Malam ya kawo shaidar mutum biyu daga rahoton, Hajiya ta kawo babin da Saul ya isa St. Jerome's, mu jera su mu ga abin da kowanne ya bari.

Malam Habu: Na yarda, da sharaɗin tawa za a fara karantawa.