Neman shawara: an liƙa min tarar fakin ina cikin sauke kulolin suna

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila. Don Allah a yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗaure.

Asabar ɗin makon jiya aka yi sunan wata ƙawata, tare muka zo ƙasar nan karatu. Haihuwar fari ce, kuma aiki aka yi mata, mahaifiyarta ba ta samu biza ba, to mu ne uwa mu ne dangi. Tun daren Juma'a nake tsaye a kan tandar waina, ga miyar taushe, ga zoɓo. Wadda ta yi alƙawarin taya ni da asuba ta turo saƙo wai an kira ta aiki, ban ce mata komai ba, Allah yana gani. Abban Hanifa aikin dare yake yi, ya dawo ya kwanta, ban iya tashinsa ba. Ni kaɗai na loda manyan kuloli, da katan-katan na ruwa da lemo, da buhun shinkafar da na kai mata gudummawa. Gidan bene ne, hawa na biyu, ba lif, kuma a bakin babban titi yake. Na yi ta zagaye ba wurin fakin, sai na tsaya a kan layin yalo guda biyun nan daidai ƙofar, na kunna fitilun gargaɗi, na shiga jidar kaya. Saukowata ta ƙarshe sai ga leda manne a gilashi. Fam 70, in an biya cikin kwana 14 fam 35. Ko ƙeyar mai rubutawar ban gani ba.

Ni dai na sha jin ana cewa mai sauke kaya yana iya tsayawa a layin yalo. Babbar damuwar, motar ta yayan Abban Hanifa ce, ya bar mana ya tafi gida hutu, kuma mutum ne da ba ya son ko ƙura ta hau masa takarda. Ban gaya wa kowa ba tukuna. In biya ne ko in ƙalubalanta? Zai taɓa min biza? Kwana 14 ɗin ranar Juma'ar nan suke cika.

Kawu Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kwantar da hankalinki ki sha ruwa. Kar ki biya ko sisi. Na daɗe ina tasi a ƙasar nan, tun kafin wasunku su gama firamare, irin takardun nan durowa guda gare ni. Barazana ce kawai, su aiko ta fari, su aiko mai jan rubutu, su gaji su bari. Kuma doka tana bayanki: mai sauke kaya yana da minti 20, a kan haka kuma akwai minti 10 na rangwame da dole su ba kowa. Sun ga baƙuwa ce da mayafi shi ya sa.

Abu Yasir:
Maman Hanifa, kafin kowa ya yanke hukunci, duba takardar. Sunan kansil, wato ƙaramar hukuma, ne a samanta ko na kamfani? Wace lamba aka rubuta a wurin laifin, 01 ko 02? Sannan akwai lokaci biyu a jiki, sanda ya fara lura da motar da sanda ya rubuta.

Hajiya Ummi:
Allah sarki, sannu. Ni abin da aka yi min a wurin fakin wani babban kanti har yau bai bar raina ba. Na shiga sayayya da safe, da yamma na koma mayar da takalmin da bai yi wa yaro ba, kyamararsu ta haɗa shigar safe da fitar yamma wai na wuni a wurin. Fam 100. Na biya 60 don maigida ya ce ba ya son tashin hankali, har yanzu in na tuna sai abinci ya fita raina. Mutanen nan ba imani.

Maman Hanifa:
Malam Abu Yasir, kansil ce. Lamba 01. An rubuta 11:42 zuwa 11:51.

Abu Yasir:
To Kawu, da girmanka, shawararka ba ta wannan takardar ba ce. Takardun tarar fakin iri biyu ne, duka ana taƙaita sunansu PCN, shi ke ruɗa mutane. Irin ta Hajiya Ummi ta kamfani ce, wadda ake kai ƙorafinta POPLA ko IAS, masu sauraron ƙorafi kan tarar kamfanonin fakin. Ita ma ɗin an daina raina ta tun 2015, da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa wani direba tarar fam 85 a shari'ar da ake kira ta Beavis. Ta kansil kuwa a ƙarƙashin dokar kula da zirga-zirga ta 2004 take, ba ta mutuwa don an yi shiru. In kwana 28 suka wuce za a aika wa mai motar takarda a adireshin da DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisi, ke da shi. In ya yi shiru a ƙara rabin kuɗin, 70 ta koma 105, daga nan a yi wa bashin rajista a kotun Northampton, sai masu karɓar bashi su ƙwanƙwasa ƙofa da nasu cajin a kai.

Minti 10 ɗin nan kuma na wanda ya yi fakin a wurin da aka halatta ne lokacinsa ya ƙare, bai shafi layin yalo ba.

Abin daɗin shi ne lamba 01. Da 02 ce, wato inda aka hana har lodi da saukewa, inda za ki ga gajerun zane yalo a kan simintin gefen titi, da na ce ki biya ki huta. A 01 sauke kaya masu nauyi hujja ce karɓaɓɓiya, ko a layi biyu. Sharaɗin shi ne aikin ya zama ba yankewa, hawa da sauka da ajiyewa duk suna ciki. Yawan mintin kuma kowace kansil da nata tsarin. Batun biza, wannan ba laifin da ake gurfanar da mutum ba ne, ko maki ba a sa wa a lasisi. Tambayata ɗaya: minti tara yana tsaye bai gan ki ba, me ya riƙe ki a sama?

Kawu Ɗanjuma:
Malam, kai na takarda ka sani, ni na titi na sani. Ma'aikacin nan ɓuya yake bayan wata mota, yana ganin ta hau bene ya fito. Wa ya ce ma minti taran gaskiya ne? Shi ya rubuta da hannunsa.

Maman Hanifa:
Ba zama na yi ba fa. Na kai kular ƙarshe, surukar maijego da ta zo daga wani gari tana zaune a falo, dattijuwa, sa'ar kakata. In ajiye kula in juya ban durƙusa na gaishe ta ba? Kafin in miƙe an ɗora min jariri a hannu, sai addu'a. Sannan kular miya sai da na juye a tukunyarsu don ta aro ce. Duk wannan ai cikin sauke kayan ne. Wanda bai taɓa yin hidimar suna shi kaɗai ba ba zai gane ba.

Anti Bilki:
'Yar nan, ki ji ta babba. Fam 35 ki biya yau, ki ɗauka kin ƙara a gudummawar suna. Ni na bi ta hanyar ƙorafin nan a kan tikitin ƙofar makarantar yara, wata da watanni ina rubuce-rubuce, hawan jinina ya tashi, ƙarshe cikakken kuɗin na biya. Ga ki da motar surukai a hannu. Rufin asiri ya fi gaskiyar da za ta kai ki gaban taron dangi.

Maman Hanifa:
Anti na gode, amma fam 35 kusan awa uku ce a tsaye a gidan kula da tsofaffi. Kuma in na biya kamar na yarda na yi laifi ne, alhali ban yi ba.

Baban Khalifa:
Da a gida ne da tuni an wuce wurin, a kira wani ya kira wani, a ba da haƙuri. Nan ko wanda za ka roƙa babu, sai kwamfuta. Ni lasisina ma nake fama, an sake ɗaga min ranar gwaji, ko akwai wanda ya san yadda ake samun gurbi da wuri?

Abu Yasir:
Baban Khalifa, buɗe naka zaren daban don Allah. Maman Hanifa, ba sai kin zaɓi ɗaya tak ba. Ki tura ƙorafin farko ta shafin kansil kafin Juma'a, direba ma yana iya turawa. Yawancinsu in ƙorafi ya shiga cikin kwana 14 kuma suka ƙi, suna sake ba da wasu kwana 14 a kan rabin kuɗi, duba bayan takardar za ki ga ko sun faɗi haka. Amma kar ki biya sannan ki yi ƙorafi, biya yana rufe maganar. Ki sa lambar takardar a shafin ki ga hotunan da ya ɗauka. Ki haɗa rasit ɗin shinkafa da ruwa, da hoton kuloli in akwai mai lokaci a jiki, da 'yar wasiƙa daga maijego cewa hawa na biyu take kuma ba lif.

In suka ƙi kuma kika ce sai kin ci gaba, a nan ne za ki yi tunani. Mataki na biyu mai motar ne ke da bakin magana, takardar gidan yayan za ta. Kansil tana da kwana 56 ta amsa masa, in ta ƙi sai a tafi Traffic Penalty Tribunal, inda ake ɗaukaka ƙara kan tarar kansil, tunda ba a Landan kike ba. Kyauta ne, ta intanet ko waya ake yi, amma in an faɗi 70 za a biya. Gaisuwa da riƙon jariri kuwa, gaskiya ban ga mai sauraron ƙarar da zai lissafa su cikin sauke kaya ba.

Kawu Ɗanjuma:
Ai abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu, kar ta biya. Ƙanwata ki rubuta musu kayan sun yi nauyi, kina hutawa a matakala. Wa ya bi ki sama ya ga jariri? Turo min lambar takardar ta akwatin saƙo, ni zan tsara miki, ban taɓa faɗuwa ba.

Abu Yasir:
Kawu, ɗazu cewa ka yi ta yi shiru. Kuma ni ba zan ce ta rubuta abin da bai faru ba. Ta faɗi nauyin kayan da hawan benen da juye miyar, ta roƙi sassauci, suna da ikon yafewa in sun ga dama.

Hajiya Ummi:
Ni dai ki gaya wa mijinki kafin takarda ta isa gidan yayansa matar ta buɗe. Nan ne za ki san fam 70 ba komai ba ce.

Maman Hanifa:
Hajiya ba ɓoyewa nake ba, jira nake in san matsayata. Ya dawo aiki a gajiye in tare shi da wannan? Da ya tashi ya kai ni ai da yana cikin motar, da duk haka ba ta faru ba. Na duba hotunan yanzu, an ga fitilun gargaɗina a kunne, wannan bai isa hujja ba?

Abu Yasir:
Fitilun ba sa halatta fakin. Wani abu kuma da ya fi tarar nan nauyi: sunanki yana cikin inshorar motar?

Kawu Ɗanjuma:
Malam ka daina tsorata yarinya. Fitila hujja ce babba, ni da ita na sha tsira.

Maman Hanifa:
Zan duba maganar inshorar. Kawu na turo maka saƙo. Anti Bilki, naki tikitin lamba nawa aka rubuta a jiki?