Sola a kan teku: nawa wutar za ta ragu bayan shekara 10?

Abu Walid, Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata haɗa sola ce a nan Jidda, yawanci a saman gidaje. Wani mai kiwon kifi a keji cikin teku, can kudu da gari, ya gaji da jigilar dizal a kwale-kwale, yana so in ɗora masa fanel a kan dandamali mai shawagi kusa da kejin. Sai dai ya kafe lallai in rubuta masa a takarda nawa wutar za ta ragu bayan shekara 10. Takardar kamfani ta ce garanti shekara 25, kuma har lokacin fanel zai ba da kusan kashi 80 cikin 100. In kwafe masa wannan kawai? Hankalina bai kwanta ba, don a gidajen Kurnish, wato bakin tekun Jidda, ko ƙarfen da ke riƙe da kwandishan tsatsa ke cinye shi.

Baffa Injiniya, Yanbu

Wa alaikumus salam ɗana. Kul, kada ka kwafa. Abin da aka saba faɗa, raguwar kusan kashi 0.5 cikin 100 a shekara, daga fanel ɗin da ke kan tudu aka samo shi. Bahar Maliya kuwa gishirinsa ya kai gram 40 a lita, alhali matsakaicin na tekunan duniya 35 ne, ga zafi ga laima.

Fara da karanta ƙananan rubutun garantin, don kamfanoni da yawa suna zare hannunsu in an kafa fanel a bakin teku ko a kansa. Sannan ka nemi shaidar gwajin hazon gishiri, IEC 61701. Amma ka fahimce ni: wannan da gwajin IEC 61215, inda ake gasa fanel a digiri 85 da laima kashi 85 har awa 1000, ci ko faɗuwa kawai suke nunawa. Ba su ce maka awa 1000 daidai take da shekara kaza a Jidda ba. Danshi ta gefe yake kutsawa, in ya tarar da robar EVA da ke cikin fanel tana manne ƙwayoyin masu samar da wutar, sai ta fitar da asid irin na khal, shi kuma ya bi siraran layukan ƙarfen yana ci. Shi ya sa ni na fi son mai gilashi gaba da baya.

Ummu Hanan, Tuwal

Baffa ya gama magana a kan danshi, ni igiyar ruwa zan ƙara. Dandamalin ba ya hutawa dare da rana, kuma wannan lanƙwasawa tana jawo tsaga a ƙwayoyin da ido ba ya gani, sai da kyamarar EL a cikin duhu, wadda ke ɗaukar hasken da ƙwayoyin ke fitarwa in an sa musu wuta. Batun cewa ruwa zai sanyaya fanel ma kada ka dogara da shi sosai, don ruwan nan da bazara yana wuce digiri 30.

Yawancin manyan tashoshin da ake misali da su a kan ruwan daɗi suke, kamar ta Tengeh a Singafo mai megawat 60 da aka buɗe a 2021. Na kan teku duk sababbi ne. Don haka, Malam Abu Walid, ka tara naka bayanin. Ka auna kowane fanel ranar da aka kafa shi. Ka ajiye biyu irinsu sak a kan tudu kusa da wurin, su ne ma'auninka. Duk sanda za ka sake awo ka wanke gilashin tukuna, in ba haka ba ƙura da gishiri kake aunawa, ba tsufa ba. Ka kuma gyara lissafin zafi, don kowane digiri sama da 25 yana rage wutar da kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. Awon shekara guda ba zai gaya maka komai ba, kuskuren na'urar kansa ya fi raguwar girma. A takardar ka ba shi iyaka biyu, ta sama da ta ƙasa, da sharaɗin wanki da dubawa.

Ɗan Gadarif, Bur Sudan

Yayana, kafin fanel ya tsufa mahaɗar waya ta riga shi mutuwa. Na buɗe wata mahaɗa irin ta MC4 a bakin tashar jirage, cikinta kore shar, tana marmashewa a hannu. Ka ɗaure wayoyi sama kada su taɓa ruwa, kuma ka sa roba tsakanin firam na alminiyam da kusoshin sitil. In inbata ta ƙi tashi da asuba sai rana ta ɗaga, raɓa ce ta jiƙa wani wuri. Tsuntsaye kuma, inda kifi yake nan suke, kashinsu na ƙona ƙwaya ɗaya tak ya ja sauran ƙasa.

Abu Walid, Jidda

Allah ya saka da alheri. Baffa, wankin fa, ruwan tekun zai yi? Yaran gonar shi ne a gabansu.

Baffa Injiniya, Yanbu

A'a. Ruwan daɗi, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. Ka sa kuɗin jarkokin a lissafin tun yanzu.