Ubuntu a SSD na waje ya ƙi tashi a wata kwamfuta

Sanusi: Assalamu alaikum. Na saka Ubuntu, wani nau'in Linux, a SSD (diskin ajiya) na waje ta USB. A kwamfutar da na yi aikin yana tashi lafiya lau, amma a wata ko sunansa ba ya fitowa. Ina matsalar take?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Da alama GRUB, manhajar da ke tayar da Ubuntu, ya sauka a ɓangaren EFI (inda fayilolin tashi suke) na diskin cikin kwamfutar farko, ba a SSD ɗinka ba. Mafi sauƙi, cire diskin ciki ka sake saka Ubuntu a SSD ɗin. Tsara SSD ɗin da GPT (tsarin raba diski ɓangare-ɓangare): ɓangare ɗaya da tsarin fayil FAT32 mai 512 MB da alamar esp (wato ɓangaren EFI), saura ext4. In diskin ba ya ciruwa, yi grub-install da --removable, shi zai rubuta EFI/BOOT/BOOTX64.EFI, fayil ɗin da baƙuwar kwamfuta take nema.

Hajara: Gaskiya ne, Malam. Sannan, Sanusi, ka duba /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa ɓangarorin da Ubuntu ke haɗawa wajen tashi, don Allah. In layin /boot/efi yana ɗauke da UUID (lambar shaidar ɓangare) na diskin ciki, tashin zai maƙale a hanya. Ɗauko na daidai, wato na ɓangaren EFI na SSD ɗin, da umarnin blkid.

Bello: Wajen kunnawa danna F12 a Dell, F9 a HP, don ka zaɓi diskin da za a tashi da shi. In kwamfutar tana kan Legacy, tsohon tsarin tashi, mayar da ita UEFI, sabon tsarin.