Sigina tana ruɗa ni cikin gini, ina neman shawara

Assalamu alaikum malamaina da ƴan uwa. Ɗalibi ne ni a nan Yamai, ina rubuta kundin mastas kan gano inda waya take cikin gini, inda GPS ba ya kamawa, ta hanyar ƙarfin siginar Wifi.

Na kafa na'urorin ESP32 guda uku, ƙananan allunan lantarki masu Wifi da ke aiki a 2.4 GHz, ina mai da ƙarfin sigina zuwa nisa, sannan in zana da'ira daidai wannan nisa kewaye da kowace na'ura, in nemo mahaɗar da'irori ukun, wato inda wayar take. A fili, da ma'aunin raguwar sigina (lambar da ke nuna saurin raguwarta yayin da nisa ke ƙaruwa) kusa da 2, kuskurena bai wuce mita biyu ba. Da na shiga ciki, bangon siminti da rufin kwano suka dagula komai. Waya tana ajiye kan tebur, ba wanda ya taɓa ta, amma lissafi ya yi ta yawo da ita har mita tara. Wani lokaci da'irorin ma ba sa haɗuwa. Na san sigina ce ke dukan kwanon tana dawowa ta hanyoyi da yawa. Na sa matatar Kalman, wato lissafin da ke tace hayaniya daga awo, tsallen ya ragu, kuskuren yana nan. Sati uku ke nan, wallahi abin ya hana ni barci.

Shin in auna ma'aunin kowane ɗaki daban, ko in koma zana taswirar sigina tabo-tabo, wato in auna ƙarfinta a kowane wuri in adana don kwatantawa? Na'urorin UWB, wata fasahar rediyo da ta fi Wifi auna nisa daidai, sun fi ƙarfin aljihuna. Wanda ya taɓa wannan aiki ƙarƙashin kwano, don Allah ya nuna mini hanya, saura wata biyu in kare kundin.