Muhawara: Shin sarauniya tana cin soja guda a kowane hali?

Mai Doki: Jama'a, na tsaya a kan magana ɗaya. A ƙarshen wasan ces, idan fari yana da sarki da sarauniya, baƙi kuma sarki da soja guda, fari ya ci wasa, ko da sojan saura taki ɗaya ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya.

Koci: Malam, fara nuna mana hanyar.

Mai Doki: Sojan baƙi yana gidan d2 (harafi layin tsaye, lamba layin kwance), sarkinsa e2, sarkin fari yana can nesa. Sarauniya ta ba da cek, wato barazana ga sarki, a e4, sarki ya koma f2. Ta sauka d3 ta sa wa sojan ido, dole sarki ya dawo e1 ya kare shi. Sai cek a e3, ya shige d1, ya toshe wa sojansa hanya da kansa. Nan fari ya samu sararin matso da sarkinsa taki ɗaya. Haka za a yi ta maimaitawa har ya iso.

Koci: Wannan daidai ne a layin b, d, e da g. Amma mayar da sojan c2, sarkinsa b1. Ka ba da cek a b3, ba zai shiga c1 ba, kusurwa zai tafi, a1, ya bar maka sojan. Ka ci kuwa, sarkinsa ba ya cikin cek kuma ba inda zai taka. Kunnen doki. Ka ƙi ci, sojan ya sauka c1 ya zama sarauniya. Layin f ma haka.

Yaya Babba: Na gefe ma, a da h. Soja a2, cek a b3, sarki ya shige a1. Sararin da kake jira ya zo, amma kana taɓa sarkinka an tashi canjaras, don baƙi ba shi da abin motsawa.

Mai Doki: To ai kun ajiye sarkin fari a nesa ne da gangan.

Yaya Babba: Ƙanena, nan ne gaskiyarka take. In yana kusa, labari ya canza. Sarauniya d2, soja a2, sarkin baƙi b1, naka sarkin ya taka b3. Bar shi ya yi sarauniya a a1, ka sa taka a c2, sarki ya mutu. In ya yi wayo ya zaɓi doki don ya ba ka cek, koma c3, kisa na jiransa a b2.

Koci: A ƙara da abu biyu. Idan sarauniya ta riga ta zauna a gidan da sojan zai sauka, ko wane layi ne an ci. Sannan in baƙi yana da wani sojan da zai iya motsawa, dabarar kusurwa takan lalace. Shi ya sa tun kafin tseren sojoji ake duba layin da sojan abokin karawa yake, a ƙirga takun sarki.

Mai Doki: Na janye "kowane hali". Layi huɗu nawa ne, sauran huɗun sai an duba inda sarki yake.