Muhawara: Shin John Logie Baird ne ya ƙirƙiro talabijin?

Malam Sabi'u: Jama'a, ni dai ina nan kan bakata cewa John Logie Baird, wanda aka haifa a garin Helensburgh na Sikotilan a 1888, shi ne ya ƙirƙiro talabijin. Ranar 26 ga Janairu 1926 ya gayyato masana daga cibiyar kimiyya ta Royal Institution zuwa wani ɗaki a titin Frith da ke Landan, ya nuna musu fuska tana motsi a allo da haskenta da inuwarta, abin da ba a taɓa nunawa a gaban shaidu ba.

Injiniya Hadiza: Malam, ba na musun abin da ya faru a ranar, amma ku duba abin da na'urar ta dogara da shi. Faifai ne mai ramuka da ke juyawa, wanda Bajamushe Paul Nipkow ya yi wa rajista tun 1884, kuma layi 30 kacal hoton yake da shi, yana ta ƙyaftawa har sai mutum ya zura ido kafin ya gane hanci da baki. Talabijin da ta shiga gidajen duniya ta lantarki ce zalla, irin wadda Philo Farnsworth ya gwada a San Francisco a 1927.

Malam Lawal: Ina goyon bayan Injiniya. A Nuwamba 1936 BBC ta fara watsa shirye-shiryen talabijin daga ginin Alexandra Palace da ke Landan tana jujjuya tsari biyu, na Baird mai layi 240 da na kamfanin Marconi-EMI mai layi 405 wanda na lantarki ne zalla, kuma ba a cika wata huɗu ba ta ajiye na Baird.

Malam Sabi'u: Wannan gaskiya ne, sai dai Nipkow bai taɓa watsa hoto ko ɗaya da faifan nasa ba. Baird kuwa, mutum ne mai fama da rashin lafiya da rashin kuɗi, ya haɗa na'urarsa ta farko a garin Hastings na Ingila da akwatin shayi da kwalin hula da gilashin fitilar keke da alluran ɗinki. Saboda zafin fitilun da yake haskawa, kan 'yar tsana da ya sa wa suna Stooky Bill yake ajiyewa a gaban na'urar, kafin a Oktoba 1925 ya kira wani yaron ofis, William Taynton, ya zauna a wurin. A 1928 kuma ya aika hoto daga Landan har Amurka. Idan wannan ba ƙirƙira ba ce, to me za mu kira ta?

Injiniya Hadiza: Mu kira shi wanda ya fara nunawa a aikace, Malam, wannan na amince. Amma ku tuna cewa shi kansa ya koma wa tsarin lantarki, domin a 1944, shekara biyu kafin rasuwarsa, talabijin mai launi da ya nuna ba ta da faifai ko ɗaya.