Awon mita da kilo: wa ya ga sauƙinsa a wurin aikinsa?

Malamar firamare, Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da lissafi a aji biyar. In na ce yara su mayar da kilomita 3 zuwa mita, kafin in juyo daga allo an ce 3,000. In na ce su mayar da mil 3 zuwa ƙafa, sai aji ya yi tsit, don sai sun tuna mil ɗaya yadi 1,760 ne, yadi kuma ƙafa uku. Ina so in kai musu labarin masu sana'a, su ji abin ba a littafi kaɗai yake ba. Don Allah kowa ya faɗi yadda abin yake a wurin aikinsa.

Tsohon ɗan tireda, Gusau: Wa alaikumus salam 'yata. Ni ta kuɗi na fara ganin wannan sauƙi. Kafin 1973 kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam. A ce mutum ya ɗauki kaya uku, kowanne sule bakwai da kwabo takwas. Sai ka tara kwabo ashirin da huɗu ka mayar sule biyu, ka haɗa da sule ashirin da ɗaya, ka cire ashirin ka mayar fam, saura sule uku. Duk a ka, ga mai saye tsaye yana jira. Da naira ta zo, kobo ɗari kawai, yaron shagona da ko makaranta bai gama ba ya fara riƙe littafin ciniki. Buhun kilo hamsin ma haka: ashirin ne tan ɗaya, babu dogon tunani.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina: Allah ya ƙara lafiya Baba. Mu kam rai ne a hannunmu. Jariri mai kilo 3.2 giram 3,200 ke nan, ledar ƙarin ruwa ta mililita 500 rabin lita ce, giram ɗaya miligiram dubu. Ɗigo kawai kake gusarwa. Amma Malama, ki ja musu kunne: ɗigon nan in ya kauce gida ɗaya, magani ya ninka sau goma. Shi ya sa ake hore mu da rubuta 0.5 da sifilinta a gaba, kada ido ya tsallake ɗigon ya karanta 5.

Tela, Maraɗi: Mu nan Nijar da mita muka tashi, gadon Faransa ne, su suka ƙirƙiro shi tun shekarun 1790. Wahala tana zuwa ne in mutanen Katsina ko Kano sun aiko awo da inci. Ka ga an rubuta hannun riga 23 da 5/8, ana so ka ƙara 3/4 na kalmasa. Sai ka tsaya daidaita ɓangarori tukuna. Da santimita kuwa 60 da 2 ne, 62, ka sa almakashi. Turmin atamfa yadi shida ne, amma ga tef ɗinmu bai cika mita biyar da rabi ba, don yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da 'yan kai. Mata da yawa na zaton an rage musu ne.

Magini, Kaduna: Ni dai zan ɗan saɓa muku, ku yi haƙuri. Ƙafa inci goma sha biyu ce, tana rabuwa gida biyu, uku, huɗu da shida ba saura. Ka raba mita gida uku ka gani, santimita 33.3 har abada. Bulo ma ina jin har gobe "nayin" da "sikis" za mu ce, wato mai inci tara da mai inci shida. Inda na sallama shi ne fili. Mutum ya sayi ƙafa hamsin ba ɗari, takardar safiyo ta fito da mita 15.24 da 30.48, ya zo yana cewa an cuce shi. In lissafin tayil ne kuwa ko na fenti, mita nake bi, don a kwalin ma haka aka rubuta.

Malamar firamare, Zariya: Gaskiyarka Malam, batun rabawa uku zan faɗa wa yaran yadda ka faɗa.

Manomin rani, Kura: Abin da ban ji an taɓo ba shi ne yadda tsawo da ruwa da nauyi suke hawa layi ɗaya. Ka gina tanki mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi, lita dubu zai ci, ruwan kuma nauyinsa kilo dubu. Da zan ɗora tanki a saman ƙarfe, da wannan na san nauyin da ƙafafun za su ɗauka kafin mai walda ya yanka ko ɗaya. Kadada mita ɗari ce ta kowane gefe, don haka in an rubuta lita ɗaya a kadada a jikin maganin feshi, ni mai kwata mililita 250 zan auna. Malama, ga wanda za ki ba su gobe: ruwan sama milimita ɗaya a kan mita ɗaya murabba'i lita ɗaya ne. Rufin ajinku in ya kai mita goma da goma, aka yi ruwa milimita 20, su faɗa miki jarka nawa mai lita 25 za a cika daga indararo.